Ƙyallen Anusa da Waƙar Tatsa

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya shimfiɗa hanyoyi ya kuma san inda kowace ta nufa. Daga Tudun Wada zuwa Bebeji, zuwa ga 'yar fari, wadda bakina bai taɓa kama sunanta ba. Gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya, ke da maigidanki da surukanki baki ɗaya. Allah ya sa takardar nan ta same ki kafin motar fataken goro ta ɗaga.

Mahaifinki ne ke riƙe da alƙalami, ni ce ke magana. Mun yi sharaɗi da shi, abin da na faɗa shi zai rubuta, ba gyara, ba ƙarin Larabci. In kin ci karo da wata kalma mai rawani a ciki, to ta Malam ce, ki tsallake ta.

An ce Kumasi za ku. An ce sai an hau jirgin ƙasa har Ikko, sannan a hau ruwan da ba a ganin gaɓarsa. Ni iyakar tafiyata Kano, ita ma da ciwon kai na dawo. Ba zan cika ki da labarin gida ba, wanda ya kawo takardar zai ba ki. Abu guda ne ya hana ni sukuni tun da aka sa ranar tafiyar nan, shi ne za ki tafi ba ki da waƙar tatsa.

Kin sha jin ta a bakina da safe, amma ba ki san mece ce ba, kuma laifin ba naki ba ne. A rugarmu ta bakin dajin Falgore kowace mace da ita take tatsa. Sunayen iyayenmu mata ne a jere, kowace da inda aka haife ta da saniyar da ta shiga gidan miji da ita. Idan za a kai yarinya ɗakinta, uwarta ta ƙara sunanta a ƙarshe, ta koya mata, shi ke nan ta zama tata. Innata ta ƙara nawa. Ni ban ƙara naki ba. 'Yan'uwana mata duk sun riga ni gidan gaskiya, ƙannenki kuwa maza ne, namiji bai riƙe wannan waƙa. In kika ƙetare ruwan nan babu ita, a bakina za ta ƙare, ranar da aka binne ni a binne mata uku tare da ni.

Kuskurena na farko kunya ce. Da aka haife ki na yi yadda aka yi mini. Na kau da kai, na ba ki nono kamar mai biyan aikin gayya, da aka yaye ki na miƙa ki ɗakin kakarki Iya Tabawa, uwar Malam. A tsakar gida ɗaya muke, amma sai ka ce kogi ne tsakaninmu. Kika tashi kina ce mini Yaya, da Hausar kakarki a baki, Hausa mai kauri irin ta mutanen gari. Mata suna yabona, wai Bafillatana ta san ya kamata. Ni kuwa ina daka ina satar kallonki ta ƙarƙashin hannu, in kin yi tuntuɓe sai taɓaryar ta kuɓuce mini. Ina sonki tun ranar, yau na faɗa, Malam ya rubuta. Ke in Allah ya ba ki ɗan fari a can, ki yi kunyarki a gaban mutane yadda aka saba, ba na ce ki zubar ba. Amma da kin shiga ɗaki ki yi masa magana. Kowace irin magana ce, ko ta shirme. Yaro ba ya tsotsar harshe a bakin da yake rufe.

Yanzu bari in ba ki labarin Anusa, don ta wajenta na san kuskurena na biyu da na uku. Kin tuna ta dishi-dishi, farar matar nan mai gashin baki kaɗan-kaɗan, matar Yakubu mai sikelin gyaɗa a bakin hanyar Jos, wadda take ba ki busasshen inabi kina tofarwa. Mutanen gari Matar Kwara suke ce mata, don a wajensu duk farin da ke sayen gyaɗa Kwara ne. Ranar da na fara kai mata tallan nono, ina amarya, na yi sallama na ce, "Matar Kwara, a sayi nono?"

Ta fito tana share hannu a zane, ta ce, "Ni ba Kwara. Ni Armaniya. Kai faɗi: Ar-ma-ni-ya."

Na faɗa. Ta ce, "Kai kuma Hausa?"

Na ce, "Ni ba Kaɗo ba, Fulani ne ni."

Muka dubi juna muka fashe da dariya. Hausarta gurguwa, tawa a lokacin makauniya, amma da su muka yi zumuncin shekaru. Ba nono take so ba, madara take so mai ɗumi. Ta dafa ta, ta bar ta ta huce har ɗan yatsa ya iya zama a ciki, ta ɗebo cokali guda daga kindirmon jiya ta zuba, ta lulluɓe tukunyar da bargo kamar mai zazzaɓi. Na ce ai mu ma haka muke yi, ragowar na jiya shi ne irin na yau. Ta ce nata irin ya girme ta. Kakarta ce ta sauko da shi daga duwatsun ƙasarsu. Idan tafiya ta kama su sai a tsoma farin ƙyalle a kindirmo, a shanya a inuwa ya bushe, a naɗe a sa a ƙirji. Duk inda aka sauka a nemi madarar wurin a jiƙa shi a ciki.

Da rana in zafi ya yi, Yakubu yana can yana faɗa da 'yan dako, mukan zauna a inuwar ɗorawar bayan kantinsu, ta riƙa ba ni labarin ƙasarsu. Ita ma fa ba ta taɓa ganin ƙasar ba. Ta ce akwai wani dutse da ƙanƙara ba ta sauka daga kansa, ana hangensa daga ko'ina amma ba a isa gare shi. Ni ban san ƙanƙarar da ke zama ba ta narke ba, sai na riƙa ganin duwatsun Riruwai an juye musu ƙwaryar kindirmo a ka. Har yau in na gyangyaɗa bayan azahar nakan ga dutsen nan. Shanunmu na kiwo a gindinsa, Innata na tafe da ƙwarya, Anusa na biye da bargonta, suna hira, kuma a mafarkin kowa na jin kowa.

Kakanninta talauci ya koro su daga duwatsun, suka zauna a wani gari na Rashawa a bakin babban kogi. A can aka haife ta. A makaranta Rashanci, a kasuwa Rashanci, gaban hukuma Rashanci. Kakarta na yi mata magana da Armaniyanci tana amsawa da Rashanci, har kakar ta rasu. Abin da ya rage mata na harshen kakanninta bai wuce addu'ar cin abinci da zagi biyu-uku ba. Amma uwarta ba ta bar ta haka ba. Duk labarin da kakar ta zo da shi, sunan ƙauyensu, wanda ya gina majami'arsu, wadda ta auri wane, yadda ake yi wa mamaci kuka, uwar ta juye mata shi da Rashanci, tana yi tana maimaitawa har ya zauna.

Shi kuwa Yakubu mutumin Halab ne, can ƙasar Sham, inda suka haɗu bayan yaƙi ya tarwatsa kowa. Armaniyancinsa garau, ga Larabci, har Malam yakan je su yi ta musu. Kullum cikin tsokanarta yake. Wata rana tana yi wa ɗansu Aram wasa da Rashanci, ya leƙo ya ce mini da Hausarsa mai kyau, "Kin ga matar nan? Rasha ta cinye ta. Suna kawai ya rage, kamar kwalbar turaren da ya ƙare."

Nan na yi kuskure na biyu. Na ce, "Gaskiyarka, Yakubu. Wanda ya bar harshen uwarsa ai ya bar uwarsa."

Na faɗa ina jin kaina, ina taƙama da Fillancina. Anusa ta ci gaba da jijjiga yaron. Sai da zan tafi ta raka ni bakin hanya, abin da ba ta saba ba, ta ce, "Jebbu, harshen uwana shi ne Rashanci. Da shi uwana ya ba ni kakana. In na zubar da shi, ina zan sa kakana?"

Na dawo gida ƙwarya a kai. Ki kiyaye wannan a Kumasi. Za ki tarar da Hausawan da aka haifa a zango, Hausarsu ta karkace, ta sha ruwan Asante. Za ki tarar da Fulanin da ba su taɓa taɓa saniya ba. Kada ki auna kowa da sikelin bakinki. Ba ki san abin da mutum ya ɗauko ba, ba ki kuma san a cikin me ya samu ya zuba shi ba. In za ki yi dariya, ki bari sai kun saba, ku yi ta tare.

Daga baya ta ba ni sauran labarin. Ta ce tana yarinya ta tsani Rashanci, don da shi malamar makaranta ke tsawata musu in sun yi maganar gida. Amma da gudun hijira ya jefa su wata tashar jiragen ruwa, ba ta san kowa ba, ba ta jin harshen kowa, sai ta jiyo wata mata tana yi wa ɗanta faɗa da Rashanci, a tsakiyar faɗan ta ambaci sunan wata miya da ba mai yin ta sai mutanensu. Ta ce ta bi muryar nan kamar maraƙin da aka kwance daga dangwali, ta rungume matar tana kuka. Tun daga ranar harshen da ya raba ta da gida ya zama shi ne gidan.

Abin bai tsaya nan ba. Da aka gama yaƙin Hitila, Aram ya zama saurayi, ya ce shi ƙasar kakanninsa za shi. Ya tafi. Da saƙonsa ya zo, Anusa ta aiko a kira ni, na same ta tana dariya hawaye na zuba. Ashe a can Armaniyancin Halab da ubansa ya koya masa dariya ake yi masa, wai na baƙi ne. Rashancin uwarsa, wanda aka raina, shi ya samo masa aiki, shi ya yi masa zance har ya samu mata. Yakubu ya kwana biyu ba ya tsokanar kowa. To amma surukan Aram ɗin sun ce jikokinsu Armaniyanci za su yi a gida, Rashanci na ofis ne, a bar shi a bakin ƙofa tare da takalmi.

Na ce, "Ba ki ji haushi ba?"

Ta ce, "Haushi me? Ya kawo kaya, ya sauke. Jaki ba ya shiga ɗaki."

Kin ga da ina da hankali, da nan na ɗauki darasi. Amma ina! Kuskurena na uku bayan duk wannan na yi shi, kuma shi ya fi ci mini rai. Kin tuna wata safiya da damina, kin fara zama budurwa, ina tatsar Goshi, saniyar nan tawa guda da ta rage a bayan gida, wadda ta gaji sunan wadda na zo da ita? Hazon ruwa ya kwanta a kan gonaki, ina waƙar a hankali. Kika zo kika tsuguna nesa kaɗan, yadda kika saba, kika ce, "Yaya, wai me waƙar nan take cewa?"

Kafin ranar ba ki taɓa tambayata komai ba sai inda aka ajiye tsintsiya. Maimakon in jawo ki, sai girman kai ya taso mini. Na ce, "Ba a faɗinta da Hausa. Mai so ya koyi Fillanci."

Kika ce, "To," kika tashi. Ba ki sake tambaya ba.

Wa zai koya miki Fillancin? Ni da ban buɗe miki baki ba? Na hana ki da hannun dama, na kuma hana ki da na hagu. A raina wai ina tsare waƙar ne kada Hausa ta ɓata ta, don ina ganin Hausa ce ta ƙwace mini ke. Uwar Anusa ta fi ni wayo nesa ba kusa ba, ita da ta ga ƙwaryar gida ta fashe ba ta tsaya kuka ba, ta juye a ta maƙwabta. Ki riƙe wannan da kyau. In ɗanki ya tambaye ki wani abu na gida, ki ba shi a take, da duk harshen da yake ji. In Hausa ce to, in Asante ce ki lallaɓa da guntun abin da kika iya, in ma Turancin makaranta ne ki nemi mai juya muku. Yaro sau da yawa ba ya tambaya ta biyu.

Ga wani abin da na hango miki, ina zaune a nan ban je ko'ina ba. Hausar nan da na yi wa kallon ɓarauniya, a Kumasi ita ce za ta zama miki uwa da uba. Wata rana kina cikin kasuwa, harsuna na ta kaɗawa ta ko'ina ba ki jin ko ɗaya, za ki jiyo wata ta ce wa ɗanta, "Kai, zo nan don ubanka!" da muryar mutanen Kiru ko Doguwa. Ƙafarki za ta tafi da kanta. Ki bi ta, kada ki ji kunya. Wataƙila kuma jikokinki su ajiye Hausar su ɗauki wani abin, ko su komo nan su tarar ana yi wa tasu dariya. Wannan ba naki ba ne, na Allah ne. Naki shi ne kada kayan su kwana a hannunki.

Da Yakubu ya rasu, Anusa ta tattara ta bi ɗanta. Ranar tafiya ta tsoma ƙyalle biyu, ta sa ɗaya a ƙirji ta ba ni ɗaya. Ban sake jin ɗuriyarta ba, ban sani ba ko ta ga dutsen nata. Na jiƙa nawa a madarar Goshi, na haɗa da irin da na zo da shi daga ruga. Duk nonon da kika sha a gidan nan tun daga lokacin, rabinsa na Falgore ne, rabinsa na wata tsohuwa ce da ta sauko daga duwatsu ba ta san da mu ba.

Ƙyallen da ke naɗe cikin takardar nan shekaranjiya na tsoma shi. Kada ki wanke shi, na san ki da tsabtar tsiya. Kada ki sa shi kusa da goro ko turare. An ce mini can babu shanu, ƙudan tsando ya hana, sai madarar gwangwani. Ba komai. Ki surka ta da ruwa, ki dafa, ki bari ta huce har ɗan yatsanki ya zauna a ciki ba ƙuna, ki jiƙa ƙyallen, ki rufe da zane mai kauri, ki bar shi ya kwana. In bai kama ba karon farko kada ki zubar, ki ɗebi kaɗan ki sake. Zai kama.

Saura waƙar. Na yi kwanaki ina juya ta a baki ina daka. Da Hausa ba ta da daɗin da take da shi, ta zama kamar tuwon da ya kwana, kuma saniya ba za ta tsaya mata ba. Amma ke ba ki da saniya, mutanen ciki nake so ki sani. Ga ta:

Tsaya, saniya, tsaya, hannun gida ne.
Hannun Yaye ne, da aka haifa a kan hanya ba a san garin ba, ta zo da Ja mai tsagaggen kunne.
Yaye ta ba Dudu, da aka haifa a gindin tsamiya a ƙasar Zazzau, ta zo da Fara mai tafiyar ƙasaita.
Dudu ta ba Kumbo, da aka haifa a bakin kogi ranar da ya ƙi ƙetaruwa, ta zo da Baƙa marar ƙaho.
Kumbo ta ba Jebbu, da aka haifa a bakin Falgore cikin raɓa, ta zo da Goshi.

A nan Innata ta tsaya. A nan ni ma na tsaya shekara da shekaru, in na zo wurin sai in ja numfashi in koma farko. Yanzu Malam ya ɗaga alƙalami yana dubana. Ya ce, "Jebbu, kin san fa abin da ke biye. A gabana za ki faɗa?"

Na ce, "Tsoma alƙalaminka, Malam, ka kau da kai."

Jebbu ta ba Dija, da aka haifa a Tudun Wada cikin ɗakin ƙasa, ba ta zo da saniya ba, ta zo da ƙyalle.

Na faɗa, rufin ɗaki bai faɗo ba. Malam dai ya ce tawada ce ta shiga masa ido.

Ki haddace ta a mota, ki maimaita a jirgi, ki yi ta a kan ruwa in tsoro ya kama ki. In Allah ya ba ki 'ya mace, kada ki jira ranar aurenta kamar yadda aka saba, kada kuma ki wuce ranar kamar yadda na yi. Ki faɗa mata tun tana goye.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da na ruwa da na mutum. Allah ya sa ƙasar ta karɓe ku, ya haɗa ki da maƙwabta na gari, ya sanya tausayi tsakaninki da maigidanki. In da rabon mu gana, Allah ya kawo ranar ina da sauran ido. In babu, na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini safiyar nan ta damina. Mahaifinki na sa miki albarka, ƙannenki na gaishe ki.

Ki sauka lafiya, Dija.

Ni ce wadda kike ce wa Yaya,
uwarki, Jebbu.